Gurbi Shida Ba Ya Ɗaukar Miliyan

"Ba zan danna ba, ranka ya daɗe."

Manaja ya sauke tabarau ya dubi Injiniya, mai kula da rumbun bayanan ɗakin gwajin jini. Tun kafa rumbun, cikakkun lambobi kaɗai yake karɓa. Sabon injin gwaji kuwa sakamako mai ɗigo yake fitarwa, irin 2.75, don haka dole a sauya gidan lambar.

"Gurbi goma ne," in ji Manaja. "Shida kafin ɗigo, huɗu bayansa. Haka masu injin suka ce."

"Shida ba ya ɗaukar miliyan. Mai ƙwayar cuta miliyan uku a jini, ina zai shiga? Rumbunmu ba zai yi ƙorafi ba, gurbin zai bari fayau. Waɗanda suka fi kowa ciwo su za su ɓace."

"Wato kin fi masu injin sani?"

"Sun san injinsu. Ni na san rumbuna."

Kafin azahar ya karɓe aikin ya ba Dogo, abokin aikinta. Ita kuma aka mayar da teburinta bakin ƙofa, kusa da firinta mai cin takarda. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Hajiya Ɗigo, an tashi lafiya?" Takan amsa kai a ɗage.

A gida yayarta ta ce, "Ki ba Manaja haƙuri mana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Yaya, in na durƙusa, kan mutane zan durƙusa."

Abu ɗaya ta roƙi Dogo: ya fara gwadawa a kwafin rumbun. Ya yi ta ja mata rai, ita kuma abinci ya daina shiga. Ranar da ya gwada, ya yafito ta da hannu. Ga layuka nan a allo, sunan mutum, gefensa wayam.

"Hajiya Ɗigo," ya ce a hankali, "gurbi nawa zan sa?"

"Sha takwas."

Ya sa. Da aka sauya na gaskiyar, ta bi manyan lambobin da ido har ƙasa. Ba wanda ya ɓace. Ta jingina da bango, sannan ta ji wata irin yunwa.

Manaja bai taɓa ta da maganar ba. Kwas ɗin da aka yi mata alkawari, Dogo ya tafi. Teburinta har yau yana bakin ƙofa.