Fatar Albasa

"Ba zan iya ba, Tela. Sai manya sun zo sun yanke ƙyalle," in ji shugaban makaranta, hannunsa a kan kwalin.

Karo na uku ke nan ina zuwa roƙon a ba ni aron abin da ke ciki. A cikin kwalin akwai madubin nan na ganin ƙwayoyin halitta, na farko da makarantar gwamnatin garinmu ta taɓa samu. Wanda nake roƙa wa kuwa maƙwabcina ne, Malamin Kimiyya, da ciwon suga ya kwantar. Tun muna yara yake zana mana abin da madubin ke nunawa a kan allo, shi kansa a littafi ya gani. Kowace shekara yara su faɗi jarrabawar gwaji, iyaye su ce ai malamin ne bai iya ba. Ni ma da na faɗi, ɗinki ya karɓe ni.

Manya dai ba su zo ba. Da damina ta yi nisa, rufin ofis ya fara yoyo, sai shugaban ya aiko a ce in zo in ɗauka, gara ya kwana a busasshen wuri. Abin da roƙo bai yi ba, ruwa ya yi.

Na tarar da Malam a kan katifa, an jingina shi da bango. Matarsa ta raɗa mini cewa tun makon jiya idon ya tafi gaba ɗaya. Na tsaya riƙe da kwali kamar in juya. Shi kuwa ya ji motsina, ya sa aka kawo albasa, ya ce in ɓare siririyar fatar ciki in shimfiɗa a gilashi, in matsa kusa da taga.

Na leƙa, hazo kawai. Ya lallubo maɓallin saita madubin da yatsunsa yana murɗawa a hankali, har na ce ya tsaya.

"Me ka gani?"

"Ɗakuna, Malam. A jere, kamar ginin bulo."

"Akwai ɗigo a cikin kowanne?"

"Akwai."

Hannunsa bai bar maɓallin ba. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba."

Kuka ya ƙwace mini, na ɗora laifin a kan albasa. Ya yi dariya ya ce dama tun ina aji ba na rasa uzuri.

Ranar Laraba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau ina jin takaicin makonnin nan da aka ɓata. Da ya gani da idonsa.

Ba a turo wani malamin ba tukuna. Madubin ya koma kwalinsa. Jiya na bi ta bayan ofis na leƙa ta taga, na gan shi a ƙarƙashin tebur, an ɗora masa bokitin tarar ruwa.