Mai Karɓar Aiki Ba Ta Zo Ba

Ranar Talata ce, ruwa kuma tun asuba yake zuba kamar an fasa tanki. Sista ta fito da takalmi mai tsini a hannu, silifa a ƙafa, ta faɗa bayan mota.

Ta kusa cinye wa'adinta a majalisar ƙasa, amma har yau ba mai iya ce mata Honorabul sau biyu a jere. Sista suka santa, tun tana ɗaura wa 'ya'yansu ruwa a babban asibiti. Abu ɗaya ya kai ta majalisa, ƙudirin da zai tilasta wa gwamnati ɗaukar nas-nas, don kada a ƙara barin mutum ɗaya da ɗaki guda na marasa lafiya. An yi ta ɗage shi har ta gaji da roƙo. Yau ne zaman ƙarshe kafin a watse a tafi zaɓe, kuma dokar zauren ba ta jin magiya: in aka kira ƙudiri mai shi ba ya kan kujerarsa, sai a tsallake, ya mutu ke nan. Jagoran jam'iyya ma ya gaya mata ido da ido, in ta koma gida hannu biyu, tikitin na wani ne.

"Auta, biya asibiti mu ɗauki Gajera," ta ce wa ƙanenta mai tuƙa ta. Furfura ta fara fito masa, sunan ya ƙi sakinsa.

"Yaya, a ruwan nan? Gajera ba ta da ƙafa ne?"

"Na yi mata alkawari za ta zauna a sama, wajen 'yan kallo, ta ga an kaɗa ƙuri'a. Shiga da fita ne."

Tare suka fara aiki da Gajera, tare suka sha zagin likitoci. Da safen nan ya kamata ta sauka daga aikin kwana. Sista ta same ta a ɗakin masu ciwo mai tsanani, ido jawur, ita kaɗai tsakanin gadaje takwas.

"Ke ba ki shirya ba?"

"In shirya in bar wa wa? Mai karɓata ruwa ya tare ta. Honorabul, je ki abinki, ki gaida masu manyan riguna."

Ba ta rufe baki ba aka ɗauke wuta. Suka tsaya suna jiran ƙarar janareta. Shiru. Wani ya leƙo daga baranda ya ce ruwa ya shiga ɗakin injin.

A gadon bakin taga akwai wani tela, na'ura ce take yi masa numfashi, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa. Gajera ta zare bututun daga na'urar, ta jona robar nan da ake matsawa da hannu, ta cusa wa Sista.

"Riƙe min. Bari in nemo mai gyara."

Hannun Sista bai nemi shawararta ba. Ta matsa, ƙirjin tela ya tashi. Ta saki, ya sauka. Matarsa na durƙushe a gefen gado tana bin ƙirjin da ido.

Waya ta fara ruri a jaka. Auta ya shigo jiƙe sharkaf, ya ɗauka ya kara mata a kunne.

"Kina ina?" in ji jagoran jam'iyya. "Kakaki ya shigo. Naki ne na uku."

"Ranka ya daɗe, ka sa a mayar da shi ƙarshe."

"Sai ka ce layin awo? Da ƙyar na tara miki mutanen nan, rabinsu jakarsu na mota. Ki zo."

Gajera ta dawo da gudu, babu mai gyara, ta wuce kan wata tsohuwa da ke ta fizge-fizge. Ko kallon Sista ba ta yi ba.

"Yaya, ba ni," Auta ya ce. "Matsawa ce kawai, ko? Ni da nake ba taya iska."

"Wannan ba taya ba ne."

"Nuna min dai. Ki hau tasi ki tafi."

Ta ba shi. Ya damƙi robar da hannu biyu ya matse ta sarai, ya sake matsewa kafin ƙirjin ya sauka. Ta ce masa ya yi a hankali. Ya rage, amma bututun na ta motsi a bakin tela. Wataƙila da ta ba shi ɗan lokaci da ya iya. Ita ma ta san haka. Sai dai tun tana ɗaliba aka dasa mata abu ɗaya a ka, ba ka barin gado sai wanda ya san aiki ya karɓe ka. Ta yi wa yara da yawa tsawa a kan wannan. Ta fizge robar.

"Yaya! Wallahi ƙudirin nan ya fi mutum ɗaya!"

Matar tela ta ɗago ta dube shi. Auta ya sunkuyar da kai.

"Je ka gidan mai karɓar Gajera," Sista ta ce. "Ko a goye ka kawo ta."

Ya fita. Ta ci gaba. Tafin hannunta ya fara zafi, ta canza hannu. Zoben da ta saka don ranar ya dame ta, ta cire da haƙori ta tofar a kan zanin gado. Tana matsawa tana maimaita jawabin da ta haddace, wanda ya fara da ɗaki irin wannan. Gumi ya jiƙa mata rigar da ta ɗinka don kyamara.

Waya ta sake ruri. Matar tela ce ta kara mata.

"An wuce na biyu. Sista, don Allah, kina bakin ƙofa?"

"Ranka ya daɗe, ka tashi ka karanta a madadina."

"Kin fi ni sanin doka."

"To ka ja su da surutu. Ai kun iya."

Ya kashe. Ta ƙwala wa Gajera kira, ta ce ta zo ta karɓa ko na rabin awa ne. Gajera na kan wani gado a lungu, ta hau da gwiwa tana danna ƙirjin wani dattijo.

"Da wane hannun?" ta ce, ba ta waiwayo ba.

Daga nan wayar ba ta ƙara ruri ba. Sista ta fi jin tsoron shirun.

Sai bayan azahar Auta ya shigo da mai karɓar aiki, ruwa har gwiwar wandonsa. Yarinyar ta wanke hannu, ta tsaya kusa da Sista ta ce, "Na karɓa, Anti." Sai a lokacin yatsun suka saki, sun ƙage kamar ba nata ba. Jim kaɗan wuta ta dawo, na'urar ta ci gaba da aikinta.

Gajera ta ja wa dattijon lungu zani har kai. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da Sista, suka jingina da bango.

"Tun yaushe?" in ji Sista.

"Ina kan tsohuwa ya tafi. Ban gani ba sai daga baya. Naki fa?"

Auta ne ya amsa, yana kallon wayarsa. "An kira sau uku. An tashi."

Tela ya rayu, ya koma kan kekensa. Abin da aka rasa ranar: ƙudiri ɗaya, kujera ɗaya a majalisa, zobe ɗaya da ya bi zanin gado zuwa wanki, da dattijo ɗaya a gadon lungu.