Kwalaben Uzair a Firijin Boyi

Yajin aikin malamai ne ya dawo da Uzair gida Illela yana shekarar ƙarshe a jami'a, binciken kammala karatunsa bai ko yi rabi ba. Malamin da ke duba shi ya ba shi tambaya guda: busasshen yis irin na masu haɗa giya a gida, zai iya aiki cikin sanyi, ko sai da ɗumi? Ya haɗa shi da 'yan ƙullin yis, ya ce ya gwada da tsiron dawa, ya riƙa aunawa. An kulle ɗakin gwaji, shi kuwa Uzair yana tsoron yis ɗin ya mutu a zafin gari kafin a koma.

Mahaifinsa, Malam Muhammadu Lawal, yana da makarantar Islamiyya a unguwarsu, don haka Uzair bai faɗa wa kowa ba a gida. Ya jiƙa dawar da aka kawo musu daga Garu har ta yi tsiro, ya shanya, ya niƙa, ya dafa, ya tace cikin kwalabe, ya zuba musu yis ɗin duka. Saura sanyi. Wanda ya sani yana da firiji mai aiki da hasken rana shi ne Boyi, ƙanin mahaifiyarsa, mai sayar da zoɓo da ruwan sanyi a hanyar Ƙonni.

"Mi na cikinsu?" in ji Boyi.

"Aikin makaranta ne, Kawu. Kada dai a sha, kada a girgiza."

Boyi ya ture robobin zoɓo gefe, ya ba shi wuri a ƙasa.

Kullum da hantsi Uzair kan zo ya duba. Kwalaben na nan shiru, ba kumfa ba motsi, har ya fara zaton yis ɗin ya mutu. Cikin mako na biyu sai ga farin kumfa siriri a wuyan kwalba. Ya tsuguna gaban firijin yana kallo har Boyi ya ce ya rufe, sanyi na zuba.

Wani direban tirela ne ya jawo abin. Ya buɗe firijin da kansa zai ɗauki ruwa, ya shinshina, ya yi dariya.

"Boyi, ashe kai ma ka fara? Na san warin nan tun Kwatano."

Kafin la'asar magana ta zaga tasha. Washegari masu sayen zoɓo suka koma shagon gaba. Wata mata, Na'ima, ta je har makarantar Malam ta kwashe 'ya'yanta ana tsakiyar karatu.

Malam ya zo shagon da kansa, abin da bai saba ba. Ya sa aka kira Uzair.

"Giya ce?"

"Baba, ba ta kai ba tukuna. Kuma ba sha za a yi ba, aunawa kawai nike."

"In an bar ta, mi za ta zama?"

Uzair ya sunkuyar da kai.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na san ba ka sha. Amma ni da kawunka cikin garin ga muke zaune. Fito da su."

Uzair ya kwaso kwalaben ya zazzage a kwata, mutane na tsaye suna kallo. Ta ƙarshe da ya buɗe sai da ta yi tsartuwa, kumfa ya gangaro masa a hannu. Yis ɗin yana aiki, a hankali, yadda aka zata. Amma ranar bai kai ga aunawa ba, kuma babu sauran ƙulli ko ɗaya.

Boyi ya wanke firijin da omo sau da yawa, duk da haka ciniki bai dawo kamar da ba. In sun haɗu da Uzair sukan gaisa, gajeriyar gaisuwa.

Da aka janye yajin aiki, Uzair ya bayyana wa malaminsa abin da ya faru. Mutumin ya ce abin da ido ya gani ba sakamako ba ne, sai dai ya sake daga farko a zango mai zuwa. Abokan karatunsa suka tafi bautar ƙasa. Shi ya dawo Illela, yana koyar da lissafi a makarantar mahaifinsa, a ajin da ya rage yara kaɗan.