Motar Abba a Ƙofar Gida

Ranar da Abba ya cika kwana talatin da uku da rasuwa, Ilham ta fito zubar da shara ta ga an manna wata takarda mai ruwan lemo a gilashin motarsa. Ta ajiye ledar ta matsa kusa. Daga ƙungiyar masu gidajen unguwa ce, wadda duk wanda ya sayi gida a wannan layi na garin Clinton a Amurka sai ya sa hannu a dokokinta. Rubutun gajere ne. Motar ta wuce kwana talatin ba ta motsa ba, ta saɓa wa sashe na bakwai, kuma idan ba a gyara ba zuwa sha biyun ranar Juma'a ta sama, za a turo janwe, motar jan motoci, ya ɗauke ta.

Gidansu ba shi da gareji, sai filin siminti daga titi zuwa matakalar ƙofa. A nan motar take, busasshen ganye ya taru a gindin gilashinta.

Ba ta gaya wa Umma nan take ba. Umma tana takaba, ba ta fita, ba ta son hayaniya. Ilham ta shiga ɗakin Abba ta buɗe durowar takardu, ta samo littafin dokokin, shafi sittin da biyu. Ita dai in abu ya zo a rubuce hankalinta ya fi kwanciya, don takarda ba ta kallon mutum yana inda-inda. Ta zauna da fensir ta karanta shi tas, sau biyu.

Sashe na biyu ya ce filin ƙofar gida mallakar mai gida ne. Ta ja layi da murna. Sashe na bakwai kuma ya ce duk motar da ke filin dole ta zama ana amfani da ita, wadda ta yi kwana talatin a jere ba ta motsa ba ta zama ajiya, ajiya kuwa ba a yin ta a idon titi. To filin nasu ne ko ba nasu ba? Can a sashe na sha ɗaya ta ga an ba da uzuri ga mutum biyu: sojan da aka tura wata ƙasa, da majinyacin da ke kwance a asibiti. Ta duba gaba, ta duba baya. Wanda ya rubuta littafin ya tuna da kwale-kwale, ya tuna da motar da ke ɗigar da mai, amma bai tuna ana mutuwa ba.

Litinin da safe, kafin ta wuce makaranta, ta biya ofishin ƙungiyar, wani ɗan ɗaki kusa da wurin ninƙaya. Ta rubuta abin da za ta faɗa a bayan littafin. Matar da ke ofishin, Abby, ta yi mata ta'aziyya har da dafa ƙirji.

"Sashe na sha ɗaya nake so a duba mana," in ji Ilham da Turanci. "Idan mara lafiya yana da uzuri, ai wanda ya rasu..."

"Na gane. Sai dai mai motar ne zai cike takardar uzurin ya sa hannu."

"Mai motar ya rasu."

"Na sani, ki yi haƙuri. Shi ya sa sashen bai hau kanku ba."

Ilham ta buɗe shafi na huɗu ta nuna layin da ta ja. Abby ta ce filin nasu ne tabbas, amma abin da ake hange daga titi na unguwa ne. Ilham ta tambaya yaya ma aka yi aka san motar ba ta motsa ba. Ashe wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne a kwamitin ƙungiyar, Mista Bartholomew, duk Asabar yake zagaye da waya yana ɗaukar hoton tayoyi, ya duba ko bakin hura iska ya canza wuri.

"Abin fa ba wuya," in ji Abby. "Ki zaga layi da ita sau ɗaya, ki turo mini bidiyo. Minti biyar."

Ilham ta ɗauki littafinta ta fito. Da a ce minti biyar ne, me zai kawo ta?

Tun ranar addu'ar uku Baffa Maitama, yayan Abba da ke Kano, ya faɗa ta waya cewa kada kowa ya taɓa kayan mamaci sai an raba gado, rabon kuma sai Umma ta fita takaba. Talata da hantsi Ilham ta gaya wa Umma komai, suka kira shi, aka sa wayar a tsakiyar tabarma.

"Baffa, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, 'yar Amurka. Ya karatu?"

Ta yi masa bayani a tsanake, tana fassara sashe na bakwai kalma-kalma. Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"Tsaya, tsaya. Gidan na ubanki ne ko haya yake yi?"

"Nasa ne, Baffa."

"To wane ne zai shigo ƙofar gidan mutum ya ɗauki motarsa? Ku kira 'yan sanda mana."

"Ai Abba ya sa hannu a dokar."

"Shi ya sa hannu, ni ban sa ba. Ilham, motar nan ba taki ba ce, ba ta uwarki Furera ba ce. Akwai rabonki, akwai na uwarki, akwai na Hajiya kakarki, akwai namu. In kika fita wani ya goge ta, rabon wa aka goge?"

"In janwe ya ja ta fa, Baffa, rabon wa aka ja?"

Umma ta ɗago ta harare ta. Ilham ta sunkuyar da kai, ita kanta ba ta san bakinta zai iya haka ba.

"Ki rubuta musu wasiƙa mai kyau," in ji Baffa daga ƙarshe. "Ki ce mu Musulmi ne. Turawa suna girmama addini, na sani."

Ta rubuta. Sau uku tana gogewa. Laraba da yamma amsa ta zo ta imel: kwamiti zai duba a zamansa na gaba, ranar sha huɗu ga wata mai zuwa, amma shigar da koke ba ya dakatar da wa'adi. Ilham ta kifa wayar a kan tebur da ƙarfi har cokali ya faɗi.

A haka Anti Bariatu ta same ta. Maƙwabciyarsu ce 'yar Kumasi, mai aikin jinyar tsofaffi, kullum in ta taso sai ta shigo da kwanon abinci ko da an ce mata akwai.

"Ei, 'yar boko, wa ya taɓa ki? Littafi ne ya cije ki?"

Ilham ta zayyana mata.

"Ki rufe ta da tamfol."

"Sashe na bakwai, sakin layi na huɗu. An hana."

"Ki kawo ta ƙofata."

"Ai sai an tuƙa ta, Anti."

Anti Bariatu ta zauna ta cire takalmin aiki tana matsa ƙafa. "Ku 'yan Najeriya da son shugaba. Shi baffan nan naki, shi ya haifi marigayi? Ba kin ce tsohuwa tana da rai ba?"

Ilham ba ta taɓa kiran kakarta kai tsaye a kan wata magana ba, kullum ta hannun Baffa ake bi. Alhamis da sassafe ta kira ta. Hajiya ta sa aka maimaita mata sau biyu, don layin yana yankewa.

"Wato mota ce ba a so ta zauna?" in ji Hajiya. "Ikon Allah. Ƙasar da mota ma ba ta hutawa. To ke kishiyata, in kayan marayu zai salwanta, ai tsare shi ake yi, ba kallo ba. Ku tashe ta. Maitama ki bar ni da shi, ni na yi masa wanka."

Ilham ta sauko da gudu, abin da ba ta yi ba tun rasuwar. Umma tana falo a kujerar da ke jikin taga, carbi a hannu.

"Umma, Hajiya ta yarda. Ina makullin?"

Umma ba ta juyo ba.

"Umma, gobe ne fa."

"Na ji."

"To ina yake?"

"Ki bar shi tukuna."

Nan abin da Ilham ta danne kwana shida ya taso mata. Ta ce ta je ofis an mayar da ita kamar wadda ba ta iya karatu ba, ta yi wa Baffa rashin kunya, ta tsallake shi ta kira Hajiya, jarrabawa tana jiranta ba ta buɗe littafi ba, yanzu kuma a cikin gida za a hana ta? Rabi da Hausa take faɗa, rabi da Turanci, hawaye na zuba, tana jin haushin hawayen.

Umma ta bari ta gama. Sannan ta nuna taga da carbin.

"Dubi yadda ya ajiye ta."

Ilham ta duba. Motar a karkace take, tayar baya ɗaya ta ɗan hau ciyawa.

"Shekara tara ina masa faɗan wannan ciyawar," in ji Umma. "Ranar ƙarshe ma na yi. Ya shigo yana dariya ya ce gobe zai gyara." Ta ja carbi ɗaya. "In na leƙo da safe, sai in ga kamar yanzu ya shigo. In kika fitar da ita, ke za ki dawo da ita. Ke kuma daidai kike fakin."

Duk kwanakin nan ta ɗauka tsoron Baffa ne ya sa Umma shiru. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Wa'adin kuwa yana nan yadda yake.

Juma'a ba ta je makaranta ba. Tun goma take leƙen titi. Sha ɗaya da kwata ta hango Mista Bartholomew a bakin layi da ƙaramin karensa, yana duba agogo. Tana tunanin ko ta fita ta roƙe shi, ko ta tsaya a bayan motar in janwe ya zo, sai ta ji motsi. Umma ce ta sauko da dogon hijabi, makulli a hannunta.

"Lalura ce, kuma rana ce," in ji Umma, kamar mai ba wani amsa. "Ɗauko wayarki ki yi musu hoton nasu."

Rabon Umma da taka ƙofar gida tun ranar jana'iza. Ta share ganyen gilashi da gefen hannu, ta buɗe ta shiga. Ilham tana tsaye a kan ciyawa da waya, ta ga Umma ta miƙa ƙafa ba ta kai birki ba. Kujerar tana can baya, daidai tsawon Abba. Umma ta daɗe a haka, hannu biyu a kan sitiyari. Sannan ta sunkuya ta ja kujerar gaba.

Injin ya yi tari sau biyu kafin ya kama. Motar ta sulala baya a hankali, ta bi layi, ta ɓace a kwana. Ilham ta bi ta da wayar, bidiyon duk ya karkace. Mista Bartholomew ya ɗaga mata hannu, ta yi kamar ba ta gani ba.

Bayan minti huɗu motar ta dawo ta ɗaya ɓangaren. Umma ta shigo da ita tsakiyar simintin, ta kashe, ta fito ba ta waiwaya ba. A kan matakala ta damƙa wa Ilham makullin.

"Tura musu. In wata ya zagayo, ke za ki fitar da ita. Ni na yi nawa."