Taurari a Bayan Malam

Tabon yana tsakanin kafaɗun mijina, inda hannunsa ba ya kaiwa, idonsa kuma bai taɓa gani ba. Ni ce mai sosa masa, shi ya sa na lura ya ƙara faɗi, ya yi kaushi. Gabana ya faɗi, domin ciwon daji ne ya ɗauke yayansa.

A asibiti na zaci wuƙa za a ɗauko. Sai likitar fata ta ɗiga masa ɗan mai, ta ɗora wata 'yar na'ura mai fitila, kamar murfin kwalba. Hoto ya cika allon kwamfuta.

Jama'a, abin da bai wuce ƙwayar wake ba ya koma ƙasa guda! Ga tuddai, ga kwaruruka, ga fararen ɗige-ɗige suna ƙyalli kamar taurari.

Malam ya karkato wuya, ya ƙura ido. "Likita, duk wannan a bayana yake?"

"A bayanka, Baba. Ka ga fararen nan da tuddan? Su ke nuna min tsiron tsufa ne kawai, ba daji ba. Babu batun yanka, amma in ya sauya kama ku dawo."

Sai a lokacin na saki gefen mayafina da na damƙe tun shigowarmu.

"Ikon Allah," in ji Malam a hankali. "Ashe taurari kike sosawa, kina ta mita."

Na ce, "To sauke rigarka, kada su kamu da mura."