Jarrabawar da Baba Direba Ya Ci

"Tsani, lemo, fitila, akuya, kore," in ji Baba Direba. Ya jero su ras, kamar yana kiran tashoshin da ya shekara talatin yana tsayawa da motar haya.

Ƙaramar Likita ta ɗago kai ta dube shi. Ba likita ba ce ma tukuna, mai bincike ce a kan cutar mantuwa, shekararta biyu da kama aiki. Masu sharar asibitin ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta. Wata uku da suka wuce, a kan wannan kujerar roba, kalma ɗaya tak tsohon nan ya iya tunowa cikin biyar. Yau ga shi ya zana agogo daidai, ya yi ta ɗebe bakwai daga ɗari ba gargada. Ita dai duk karatunta ba ta taɓa jin wannan ciwo ya ja da baya ba.

Ta danna amsar ƙarshe, kwamfuta ta tara: ashirin da bakwai cikin talatin. Makin ya riga ya tafi, ba ya goguwa. Sabon maganin da ake gwadawa kuwa sai wanda bai kai ashirin da huɗu a gwajin yau ba ake ba, kuma jibi za a rufe ɗaukar mutane.

Ta buɗe ƙofa. Matar Baba, tsohuwar malamar firamare, ta shigo rungume da jaka.

"Yaya ya yi, 'yata?"

"Ashirin da bakwai, Mama."

"Alhamdu lillahi!" Ta zaro wani littafin rubutu da ya sha jiki, ta buɗe a kan tebur. "Wancan karon da kika bar ni na zauna a baya, tas na rubuce tambayoyin. Kullum da safe sai mun yi bita, wata uku cur. Ni da na koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin da biyar, a ce mijina ya faɗi jarrabawa?"

"Shayi ma hana ni take yi sai na kawo akuya," in ji Baba, yana dariya.

Ƙaramar Likita ta duba littafin. Kowane shafi da kwanan wata, da jan biro, wani wurin har da "Da kyau". Ƙa'idar aiki ta hana ɗan'uwa zama a ɗakin gwaji. Ita ta karya ta ranar, don tsohon ya tuna mata kakarta da ta rene ta, wadda ta rasu tana kallonta tana tambayar wace ce wannan baƙuwar. Abin da ya kawo ta aikin nan ke nan. Yau tausayin nata ne ya yi ɓarna, kuma ta rasa wanda za ta ɗora wa.

Ta fita ta tare Farfesa, shugaban binciken, a kan matakala. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido.

"Wata uku kafin a sake wa mutum gwaji. Ke ma kin sani. Da da yadda zan yi, da na yi."

Da ta dawo, Mama har ta gyara wa Baba hula.

"To, yaushe zai fara maganin?"

Ta ja kujera kusa da ita, ta rage murya, ta yi mata bayani dalla-dalla. Sai da ta maimaita sau biyu. Malamar ta rufe littafin a hankali.

"Wato da na ƙyale shi ya faɗi, da an ɗauke shi?"

"Eh, Mama."

Tsohuwar ta kama hannunta da hannu biyu. "Ki sake masa gobe, 'yata. Ba zan ƙara yi masa bita ba. Zai manta. Wallahi zai manta, na san mijina, kwana ɗaya ya ishe shi."

Ƙaramar Likita ta dubi littafin da ke rufe a kan tebur.

Baba Direba ya dubi wannan, ya dubi waccan, murmushinsa ya fara raguwa.

"Malama, na ci dai, ko?"

Matar ta share ido da gefen mayafi.

"Ka ci, Baban yara. Tashi mu je gida."