Rarar Ruwa

A ofis Malamin Ruwa ake ce masa, a gida kuma Auta, duk da furfurar da ta fara cin gefen kansa. Aikinsa shi ne kula da wata madatsar ruwa da ke saman kwari, da doguwar magudanar siminti da ke ɗauko ruwa daga cikinta, ta bi gefen tudu ta gangara lambuna. Shi ke buɗe ƙofar ƙarfen da ke bakin magudanar, shi ke rufe ta. Wanda ya samu ruwa ba ya tunawa da shi, wanda ya rasa kuwa har gida yake biyo shi.

Masu amfani da ruwan nan kashi biyu ne. A sama, kusa da madatsar, akwai masu shanu, kowa da shingensa da filin ciyawarsa. A ƙasa akwai masu lambu, 'yan albasa da tumatir da masara. Babban yayansa shi ne bakin masu lambu. Surukinsa, mahaifin matarsa, shi ne babba a cikin masu shanu. Don haka duk rigimar da aka fara a bakin ruwa, a kan tabarmarsa take ƙarewa.

Da rani kuwa rigimar ba ta yankewa. Shanu su sauko shan ruwa su farfasa gefen magudanar, ruwa ya malale a banza. Masu lambu su ga fangalinsu ya tsage, su hau sama da fartanya da baƙar magana. Masu shanu su ce ai masu lambu ne ke barin inji yana zuƙa da tsakar rana har gona ta zama tafki. Wata shekara aka sare wa wani bijimi agara. Wata shekara aka tarar da injin ban-ruwa a cikin rami, an cika masa ciki da yashi.

"Kai tun da ka auri 'yar masu shanu ka fara tunani irin na saniya," Yaya ya ce masa wata rana, yana tsaye a ƙofar gida, ya ƙi shiga.

Surukin ba ya ɗaga murya. Sai dai ya kalli gefe ya ce, "Malam, ka gaishe mini da yayanka. Ka tambaye shi ko albasa tana kuka in ta ji ƙishirwa, don tawa dabbar tana yi."

Malamin Ruwa ya gaji. Bai kira taro ba, don ya san yadda taro ke watsewa. Sai ya lallaɓa Yaya ya ɗora shi a bayan babur, ya kai shi sama, ya nuna masa cewa daga shingen farko har na ƙarshe babu inda dabba za ta sa baki sai wannan magudanar. Yaya ya yi tsaki, amma ya duba. Bayan an kwana biyu ya ɗauko surukin ya gangara da shi lambu. Tsohon ya durƙusa ya tono albasa ɗaya, ta fito ƙarama kamar kan yatsa, ya jujjuya ta a tafin hannu.

Sai da Malamin Ruwa ya yi ta wannan zirga-zirga har tayar babur ta suɗe, sannan ya tara su a rumfar ajiyar kaya da ke gindin madatsar, a tsakanin buhunan siminti da gangunan man inji. Masu lambu suka zauna a benci ɗaya, masu shanu a ɗaya, shi yana tsakiya a kan bokiti da aka kifa. An yi hayaniya, an tashi, an dawo. A ƙarshe aka tsaya a kan magana: masu lambu za su gina wa shanu komin shan ruwa na siminti nesa da magudana, a ja musu ruwa da bututu. Masu shanu za su shinge magudanar, su riƙa ba da taki. Ban-ruwa sai da sassafe ko da yamma, kuma bi da bi. Duk inda siminti ya tsage, tare za a liƙe.

Ranar ginin komi na farko Malamin Ruwa ya ga abin da bai taɓa zato ba. Yaya ya tuɓe riga yana kwaɓa siminti, surukin yana tsaye a kansa yana ba da umarni.

"Ƙara zurfi, ai ba agwagi za ka shayar ba."

"Baba, in ka ƙara magana da ni za ka ga na gina shi daidai tsawonka," in ji Yaya.

Aka kwashe da dariya, har tsohon da kansa. Da Malamin Ruwa ya koma gida ya ba matarsa labari, ta ajiye tsintsiya ta zauna ta ce ya sake faɗa mata tun daga farko.

Ba a sha da daɗi ba. Tashin sassafe ya gallabi masu lambu, wasu sun rage fangali don ruwa ya kai ga na bayansu. Masu shanu sun daina jiƙa filin ciyawa yadda suka saba, suna sayen dusa su cike. Amma ranin ya ƙare ba a fasa kan kowa ba, kuma ruwa bai ƙare ba. Akwai wani baƙin dutse a tsakiyar madatsar da ke fitowa fili duk shekara kafin damina. Bana ko kansa ba a gani ba.

Labari ya kai babban ofis. Darakta ya zo da baƙi a motoci masu sanyi, aka tsaya a kan bangon madatsar. Malamin Ruwa ya sa sabuwar riga, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya nuna musu komi, ya nuna shinge, ya nuna inda ruwa ya saba tsayawa da inda ya tsaya bana. Wani baƙo mai takalmi fes ya matso ya tambaya a hankali.

"Wato in aka ci gaba da wannan tsari, duk shekara za a samu irin wannan rarar?"

"Har fiye da haka, ranka ya daɗe," in ji Malamin Ruwa.

Baƙon ya gyaɗa kai. Aka jera Yaya da surukin, aka sa su riƙe hannun juna, aka ɗauki hoto.

Daminar da ta biyo baya ba ta yi ƙarfi ba. Tana ɗaukewa sai ga manyan motoci ɗauke da baƙaƙen bututu, kowanne mutum zai iya rarrafe a cikinsa. Na wani kamfani ne da ya buɗe gonar rake a bayan tudu. Malamin Ruwa ya tsaya yana kallon ma'aikata suna haƙa, sai ya ga inda suke dasa bakin bututun: can ƙasa, ƙasa da bakin magudanar da nisa. Ko yaro ya san abin da hakan ke nufi. In ruwa ya ja baya, magudanar mutane ce za ta fara bushewa, bututun kamfani yana nan yana sha.

Ya hau babur ya tafi babban ofis da ƙurarsa. Darakta ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi.

"Ba a taɓa rabon kowa ba," in ji Darakta. "Rarar kawai aka bayar. Kai da bakinka ka ce akwai ta."

"Ranka ya daɗe, rarar nan ba tsintar ta aka yi ba. Mutane ne suka matse kansu. Sun ajiye ta ne don shekarar da ruwan sama ya gaza, kuma ga shi ya gaza."

"Ruwan da ke kwance ba na kowa ba ne, na hukuma ne. Ka kwantar da hankalinka, ana yabon aikinka a sama. Har an ce a kai tsarinka wasu wurare."

Ya fito bai taɓa ruwan sanyin ba.

Ya koma ofishin, ya sake komawa. Ya tafi da Yaya da surukin, suka wuni a kan benci a baranda, masinja yana ce musu Darakta ya shiga taro, daga baya ya ce ya yi tafiya. Rani bai kai rabi ba baƙin dutsen ya fito, sannan ruwa ya sauka ƙasa da bakin magudanar. Malamin Ruwa ya buɗe ƙofar ƙarfen har ƙarshenta, babu abin da ya wuce sai laka da ƙananan kifaye suna mutsu-mutsu. A lokacin albasa ta fara ɗaura kai. Komin shanu ya bushe, ya zama wurin kwanciyar ƙadangaru. Da masu shanu suka kora dabbobi zuwa bakin madatsar, suka tarar kamfani ya zagaye wurin da waya, ya sa masu gadi.

Wata yamma Malamin Ruwa ya dawo gida ya tarar da takalman mutum biyu a ƙofar ɗaki. Yaya da surukin ne zaune a tabarma ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Matarsa ta ajiye musu abinci, babu wanda ya buɗe. Ya durƙusa ya gaishe su.

"Da ka bar mu da faɗanmu," in ji Yaya, "da yanzu ruwanmu na nan. Muna ɓarna, muna zagin juna, amma babu wanda ya san akwai abin ɗauka. Kai ka wanke shi ka ɗora a faranti ka kira masu ci."

Surukin ya ɗago kai ya dube shi.

"Malam, abu ɗaya zan tambaye ka. Ka san za a yi haka?"

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"Na yarda." Tsohon ya jawo sandarsa. "Da ka sani, da sai in ce wa mutanena mai wayo ne ya cuce mu. Yanzu ban san abin da zan ce musu ba. Ni na ce su bi ka."

Suka tashi tare. A bakin ƙofa Yaya ya riƙe wa tsohon hannu ya taimaka masa ya sa takalmi.

Matarsa ta shigo ta ɗauke kwanukan. Ya jira ta ce wani abu, ko da zagi ne. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Saniyar da Baba ya ba ni ranar da na haihu ta kwanta jiya. Ba ta tashi ba." Ta fita.

Washegari da rana tsaka ya ɗauki babbar sifana daga rumfar ajiya, ya wuce masu gadi da rigar aikinsa, suka ɗauka gyara ya zo yi. Ya kama makullin bututun kamfani ya yi ta murɗawa har hannunsa ya sale, ƙarar ruwan ta mutu. Ya zauna a kan bututun yana haki. Ya san ba abin da hakan zai gyara, don rufe bututu ba zai ɗago ruwa ya kai bakin magudana ba. Kafin rana ta karkata an buɗe shi, an karɓe masa mabuɗan ƙofa da babur ɗin ofis, an ce ya zauna a gida sai an neme shi. Ba a neme shi ba. A cikin kwarin ma babu wanda ya zo ya ce masa sannu. Wani mai lambu da suka haɗu a hanya ya ce, "Ashe ka iya rufewa," ya wuce.

Albasa ta ƙone a ƙasa. Masu shanu suka fara sayarwa tun dabbobin na iya tsayuwa. Ranar da motar fatake ta zo shingen surukin, Malamin Ruwa ya taka da ƙafa ya je. Ya tarar da Yaya da wasu masu lambu suna tura shanu kan katakon hawa, ƙasusuwan dabbobin duk a waje. Babu wanda ya kore shi, babu wanda ya amsa gaisuwarsa da kyau. Surukin ya miƙa masa igiyar wata karsana ba tare da ya dube shi ba, ya ce, "Riƙe nan." Ya riƙe. Karsanar ba ta ma ja ba.

Da motar ta tashi, tsohon ya shige ɗaki ya saki labule. Yaya ya kakkaɓe hannu ya zo ya tsaya kusa da ƙaninsa, yana kallon ƙurar.

"Kamfani na ɗaukar 'yan ban-ruwa," ya ce. "An ce mu mutanen kwarin nan suka fi so, wai mun iya tattalin ruwa. Gobe za mu je, mu da yaran Baba. Kai ma ga iyali."

Malamin Ruwa bai je ba washegari, bai je ba a makon. Ya zauna a gida yana jin matarsa tana kankare ƙasan buhu. Daga baya ya je. Shugaban leburori ya dube shi sama da ƙasa, ya gane shi, ya yi ɗan murmushi, ya miƙa masa shebur da takalmin roba. Aka ba shi layi kusa da na Yaya. Raken ya fi tsawon mutum, kore shar, ganyensa yana yankan wuya. Ruwa na gudu a tsakanin kunyoyi, mai sanyi, har idon sawu. A can gaba ƙanin matarsa, wanda bai taɓa riƙe komai ba sai sandar kiwo, yana fama da shebur kamar zai yi kuka. Yaya ya tsallaka ya gyara masa riƙo, ya dawo layinsa.

Haka suka yi aiki har aka busa tashi. A hanyar komawa Yaya yana gaba da sauran mutane, shi yana baya, takalmin robar yana cin diddigensa.